Kurakuran da ake tafkawa wajen rubuta tarihin Peter Forsberg

Na gaji da gyara abu ɗaya kullum. Duk matashin da ya zauna zai rubuta tarihin ɗan wasan gaba na hokin ƙanƙara daga Suwidin, sai ya shigo da idon ƙwallon ƙafa, ya auna mutum da mudun da ba nasa ba. A kan Peter Forsberg aka fi yin wannan ɓarna, don haka da shi zan kafa misali, amma abin da zan faɗa ya shafi sauran 'yan ƙasarsu.

Kuskure mafi muni shi ne ƙirga ƙwallaye kawai. Mutum zai buɗe alƙaluma, ya ga Forsberg ya ci 249 a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ya ga ɗan ƙasarsu Mats Sundin ya ci 564, shi ke nan ya yanke hukunci cewa Forsberg bai kai rabin Sundin ba. Haba! A hoki da maki ake auna ɗan gaba. Wanda ya zura yana da maki ɗaya, wanda ya miƙa masa ma yana da maki ɗaya, kuma ana iya rubuta wa mutum biyu taimako a ci guda. Forsberg ɗan tsakiya ne a sahun gaba, aikinsa ya riƙe faifan robar nan da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya ja masu tsaron baya zuwa jikinsa, sannan ya saki ga wanda ke tsaye a sarari. Ya taimaka an ci sau 636. Haɗa da nasa, maki 885 ke nan a wasanni 708. Sundin yana da 1,349 a wasanni 1,346. Ni al'adata, kafin in rubuta kalma ɗaya ta yabo ko ta suka, sai na raba maki da yawan wasanni. Na Sundin ya ba da kusan maki ɗaya a kowane wasa, na Forsberg ya ba da ɗaya da kwata. Wannan bai rage wa Sundin komai ba, domin daɗewa cikin ƙoshin lafiya ana ci ita ma baiwa ce. Amma wanda bai yi wannan lissafin ba, bai san abin da yake kwatantawa ba. A kakar 2002-03 Forsberg ya ci 29 kacal, ya taimaka sau 77, kuma shi ya fi kowa maki a gasar da 106, aka ba shi kofin Art Ross na wanda ya fi kowa maki, da na Hart, na ɗan wasan da ya fi kowa amfani ga ƙungiyarsa. Ka ce min, da ƙirgar ƙwallaye kaɗai ta yaya za ka bayyana wannan?

Na biyu, kuma shi ne wanda ya taɓa jawo min asarar da har yau nake jin zafinta: ɗaukar zaɓen matasa a matsayin komawa ƙungiya. An taɓa kawo min wani dogon rubutu in duba, marubucin ya gina komai a kan cewa Forsberg ya fara wasa a Philadelphia a 1991, har da sakin layi guda kan yadda wai ya sha wuya a shekararsa ta farko a Amurka. Babu wannan shekarar, ba a yi ta ba! Dole aka rushe rubutun daga tushe, lokacin bugawa ya wuce, aikin da aka yi mana alkawari a bayansa ya tafi hannun wasu. Abin da ya faru shi ne, Philadelphia Flyers ta zaɓe shi a matsayi na shida a 1991. Zaɓen yana ba ƙungiya haƙƙin ɗan wasa ne idan ya tashi shiga NHL, ba ya nufin ya tattara kayansa. Yaron ya ci gaba da zama a garinsu Örnsköldsvik yana buga wa ƙungiyar Modo. A 1992 Philadelphia ta miƙa haƙƙinsa ga Quebec Nordiques, tare da wasu 'yan wasa da dala miliyan 15, domin ta samu Eric Lindros, wanda ya ƙi buga wa Quebec. Forsberg bai taka ƙanƙarar NHL ba sai a Janairun 1995, saboda rikicin albashi ya jinkirta kakar, kuma a wannan kakar ya lashe kofin Calder na sabon ɗan wasa mafi ƙwazo. Rigar Philadelphia kuwa bai saka ta ba sai a 2005. Shekara goma sha huɗu tsakanin zaɓe da wasan farko a ƙungiyar da ta zaɓe shi. Tun daga ranar, ba na yarda da jumlar “ya koma ƙungiya kaza” sai na ga kakar da yawan wasannin da ya buga mata a rubuce.

A nan ma ake ƙara wani: a rubuta cewa an sayar da shi daga Quebec zuwa Colorado. Ba wanda ya sayar da shi. Ƙungiyar ce ɗungurungum ta tashi daga Kanada ta koma Denver a 1995, ta zama Colorado Avalanche, ta ci kofin Stanley, na zakaran NHL, a 1996.

Sai masu ganin gibi a alƙaluma su cike shi da zato. Kakar 2001-02 babu wasa ko ɗaya a gaban sunansa, sai wani ya rubuta wai tauraronsa ya dushe. Ku ji tsoron Allah, ku bincika. A watan Mayun 2001, ana tsaka da wasannin neman kofi da ake bugawa bayan an kammala kaka, saifarsa ta fashe aka yi masa tiyata aka cire ta. Colorado ta ci kofin a shekarar ba tare da shi a zagaye biyu na ƙarshe ba, don haka kar ka zana shi yana zura ƙwallo a wasan ƙarshe na 2001. Bayan ya rasa kakar da ta biyo baya gaba ɗaya, ya dawo daidai lokacin wasannin neman kofi na 2002, ya tara maki 27, fiye da kowa, alhali ƙungiyarsa ba ta ma kai wasan ƙarshe ba. Wannan kuma yana kai mu ga wani sakacin: alƙaluman neman kofi daban ake rubuta su. Yana da maki 171 a wasanni 151 da ba sa cikin 885 ɗin can. Daga baya ƙafarsa ta dama ce ta hana shi sakat, ita ta sa a Fabrairun 2011 ya buga wasa biyu kawai ya ajiye sanda.

Kada kuma ka manta da rigar ƙasa, wadda suke kira Tre Kronor. A Suwidin, abin da aka fi tuna shi da shi ya faru kafin ya shiga NHL: bugun raba gardama a wasan ƙarshe na Olamfik a Lillehammer a 1994, inda ya yaudari golan Kanada Corey Hirsch ya tura faifan da hannu ɗaya. Har kan sarki aka buga da hoton. Ya sake cin zinare a Turin a 2006, da gasar zakarun duniya a 1992 da 1998.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutunci. Filip Forsberg na Nashville ba ɗansa ba ne, ba kuma ɗan'uwansa ba, ko da yake Peter ma ya buga wa Nashville a 2007. Mahaifin Peter shi ne Kent Forsberg, wanda ya horar da Modo da ƙungiyar ƙasa. Gasar Suwidin a zamaninsa Elitserien ce, sai a 2013 ta koma SHL. Kar ka jera makin Suwidin da na NHL kafaɗa da kafaɗa: filin Turai ya fi faɗi da kusan mita huɗu, kuma a zamaninsa NHL wasanni 82 take bugawa a cikakkiyar kaka, Suwidin ba ta kai haka ba. Tagwayen Sedin, 'yan garin su Forsberg, Henrik ne ɗan tsakiya, Daniel ɗan gefen hagu. Henrik ya ci Art Ross a 2010, Daniel a 2011, kada ka juya su. Sundin bai taɓa cin kofin Stanley ba, shi kuma Forsberg bai taɓa cin gasar Suwidin ba: Modo ta sha kashi a hannun Malmö a wasan ƙarshe na 1994, kuma da Modo ta ci a 2007 yana Amurka.