Yadda ake shiga aikin lura da namun daji da kare su a Maraɗi

Mai son wannan aiki ya fara da zuwa ofishin ma'aikatan gandun daji mafi kusa, ya tambayi ƙungiyoyin da suke hulɗa da su, domin su ne suka san wadda ke aiki da wadda ta tsaya a takarda. Idan babu ƙungiya a garinku, ku haɗu ko da mutum biyar ne, ku je ku gai da mai gari, ku yi masa bayani. Ku tabbata akwai manomi da makiyayi da maharbi a cikinku. Tsohon maharbi ya san sawun dila da na zomo, ya san inda fakara ke kwana, kuma jawo shi a jiki ya fi tsangwamarsa amfani.

Daga nan sai ku zaɓi wuri ɗaya da za ku riƙa komawa. Tabkin Madarumfa ya dace da masu koyo, saboda zalɓe da balbela da kirinjijiya suna taruwa a can, kuma a lokacin sanyi tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka. A fita bayan sallar asuba, a zauna shiru, rana tana bayan mutum don kada ta kashe masa ido. Na'urar hangen nesa ɗaya ta ishi ƙungiya.

Rubutu shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan ne nake ganin an fi sakaci. A cikin littafi ɗaya za a riƙa sa kwanan wata, da wuri, da sunan abin da aka gani, da yawansa. A rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka kafin damina, da bishiyar da ta yi sheƙa a kai. A rubuta har ranar da ba a ga ungulu ko ɗaya a mahauta ba, domin raguwarta abin damuwa ce, kuma sai da irin wannan littafi ake gane ta. Duk ƙarshen wata a kai wa ma'aikata kwafi.

Kariya kuwa daga gona take farawa. Sassaben zamani, wanda ya bunƙasa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, yana barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake tofowa, tsuntsaye su sami mafaka. A faɗakar da yara masu danƙo, a taimaka wajen share hanyoyin tare gobarar daji bayan kaka.

Idan ƙungiya ta yi ƙarfi, ta nemi izinin ziyartar gandun namun daji na Gadabeji da ke arewa da Dakoro, wanda aka keɓe a 1955, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure, kusa da Yamai, a 2018. A tafi da ɗan rakiya na hukuma, a kuma tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi. Wanda ya ga tarko ko farauta ba bisa ƙa'ida ba, kada ya tunkari kowa. Ya lura da wurin da lokacin, ya sanar da ma'aikata.