Yadda za ka hana aikin ƙera na'urar asibiti wuce wa'adinsa

Na sha ganin matasa masu basira sun haɗa na'ura tana aiki tsaf a kan tebur, sai su ce nan da wata shida tana asibiti. Yawanci a wajen gwaji lissafin yake wargajewa.

Da farko ka fara ƙirge daga baya. Rubuta ranar da kake son miƙa takardu ga hukuma, FDA ta Amurka ce ko NAFDAC, sai ka dinga dawowa baya har yau. A tsarin 510(k), wato hanyar neman izinin sayar da na'urar da ta yi kama da wadda ke kasuwa, FDA na ƙoƙarin gama duba fayil cikin kwana 90, amma da ta turo maka tambaya agogon ya tsaya, kuma kwana 180 gare ka ka amsa ko a ɗauka ka janye.

Na biyu, nan ne muka sha wuya: kada ka tura samfur ɗakin gwaji sai ka kulle ƙira, ba sauran taɓawa. Mu mun tura namu gwajin ISO 10993, wanda ake duba ko kayan za su cutar da jiki, sakamako ya fito lafiya lau, sai mai sayo mana kaya ya samo wata roba mai araha, kala ɗaya taushi ɗaya, muka canza ba mu yi tunanin komai ba. Ashe robar da za ta taɓa fatar majiyyaci yanzu ba ita aka gwada ba. Muka koma bayan layi, gurbinmu an ba wani kamfani, masu zuba jari kuma kashi-kashi suke sakin kuɗi, in ba ka kai matakin da aka yi alkawari ba babu na gaba, ga albashi duk wata. Asibitin da ke jiran mu haka suka ci gaba da lallaɓa tsohuwar na'urarsu. Wallahi har yau abin na damuna.

Don haka ka kama gurbi a ɗakin gwaji tun da wuri ko da kuɗin kafin alƙalami zai yi maka ciwo. In na'urar ta lantarki ce, a yi mata gwajin share fage na IEC 60601, ƙa'idar amincin na'urorin asibiti masu lantarki, kafin na gaske, ni ban yarda da tsallake shi ba.

Gwajin tsufan leda da kwalin da za a saka na'urar a ciki ma ka fara shi da wuri, a zafin digiri 55 wajen kwana 40 ne ke tsayawa a madadin shekara ɗaya, in shekara uku kake so ka yi lissafi. Takardun ISO 13485, wato ƙa'idar kula da ingancin aiki, kuwa ka dinga cike su kullum kana aiki, duk canji a rubuta shi ranar da aka yi.