Yadda za ka taimaki maƙwabcinka mai jin Sifaniyanci ya samu maganin shaye-shaye a Bronx

Bahaushen da ke zaune a Bronx, a birnin New York, ya san cewa mafi yawan maƙwabtansa 'yan asalin Dominika ne da Puerto Rico da Meziko, kuma ya san wannan yanki ne ke kan gaba a birnin wajen mace-macen da miyagun ƙwayoyi ke haddasawa, musamman fentanil, wadda ake cuɗa ta da hodar iblis da heroin da jabun ƙwayoyi ba tare da mai sha ya sani ba. Sau da yawa maganin yana nan kusa, amma tsoro ne ke hana mutum zuwa: tsoron rashin takardu, da rashin Turanci, da kunyar abin da dangi za su ce.

Abu na farko shi ne ka mallaki naloxone, wanda aka fi sani da Narcan, feshin hanci ne da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin ta fentanil ta danne wa numfashi. Tun 2023 ake sayar da shi a kantin magani ba tare da takardar likita ba, hukumar lafiya ta birnin kuma tana raba shi kyauta. Idan ka tarar da mutum a kan matattakala ba ya amsa kira, numfashinsa ya yi ƙasa, leɓunansa sun sauya launi, ka fesa masa a hanci ɗaya, ka kira lambar gaggawa ta 911, ka kwantar da shi ta gefensa. In bai motsa ba bayan minti biyu zuwa uku, sai ka fesa na biyu a ɗaya hancin. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa na asibiti duba shi ko ba shi da kuɗi ko takardu.

Bayan ya dawo hayyacinsa ne aikin ke farawa, kuma a nan na fi so ka yi haƙuri. Kada ka yi masa faɗa a gaban iyalinsa, domin mutanen nan suna ɗaukar mutuncin gida da nauyi kamar yadda muke ɗauka. Ka keɓe da shi, ku kira layin SAMHSA, hukumar tarayya mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, 1-800-662-4357, wanda kyauta ne, dare da rana, kuma ana amsawa da Sifaniyanci. In ya shiga ƙuncin da yake tunanin halaka kansa, layin taimako na 988 za ku kira, ku danna 2 don Sifaniyanci. Ka bar shi ya yi magana da bakinsa, kai ka zauna kusa.

Sai batun kuɗi da takardu. Shirin kula da lafiya na NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019, yana karɓar mazauna birnin da ba su cancanci inshora ba, ba tare da la'akari da matsayin takardunsu ba. Ka kuma sanar da shi cewa dokar tarayya ta hana cibiyar magani bayyana sirrinsa ba da izininsa ba, sai a yanayi ƙalilan kamar umarnin kotu, kuma yana da haƙƙin neman tafinta. Kada a bar ƙaramin ɗansa ya zama mai fassara irin wannan magana.

A gaban likita, ya tambayi buprenorphine ko methadone da sunansu, domin su ne magungunan da ke kwantar da jarabar ƙwayoyi irin su fentanil da heroin kuma suna rage haɗarin mutuwa ƙwarai. Methadone sai a cibiya ta musamman, amma tun 2023 aka cire izinin musamman da ake buƙata kafin likita ya rubuta buprenorphine. Wasu dangi za su so a kai shi gidan killace masu shaye-shaye da suke kira anexo, ko taron coci. Tallafin jama'a yana da amfani, amma ka tambaya ko za a bar shi ya ci gaba da shan maganinsa, domin wanda ya daina sha na 'yan makonni jikinsa ya rage juriya, kuma adadin da ya saba sha a da zai iya kashe shi ranar da ya koma.