Yadda na shawo kan aman yara a doguwar tafiyar mota

Hutun bana mun yi hayar mota a ƙasar waje, ranar farko wallahi kamar in faka in gudu, ƙaramar ta yi amai sau biyu, yayanta kuma sai "Baba mun kusa?" ba ƙaƙƙautawa. Ashe wayar da muka ba su ce matsalar, ido na kan allo jiki na jin motsi, shi ke kawo jiri. Na karɓe, na sa su kallon titi ta gilashin gaba.

Muka koma tashi da asuba suna barci a kujerunsu, duk awa 2 mu tsaya su yi guje-guje, abinci mai maiƙo kuwa sai mun sauka. Ledar da mamansu ta tanada har muka dawo ba a buɗe ta ba.