Wane aiki za ka bar wa waya, wanne za ka kai wa saba?

Ko da React kake gina manhajarka, wanda Facebook ya saki a 2013, ko da Vue ko Angular (duk kayan gina shafukan manhaja ne), shafin da mutum yake gani ƙananan sassa ne aka harhaɗa: sashen fom, sashen jerin sunaye, sashen biyan kuɗi. Kowane sashe yana da kwantirola, wato kod ɗin da ke yanke abin da zai faru idan an danna wani abu. Wuri biyu kod ɗin nan yake zama: cikin burauzar mai amfani (manhajar buɗe shafukan intanet, kamar Chrome) da yaren JavaScript, ko can a saba (kwamfutar da ke riƙe da bayanai tana amsa buƙatun wayoyi) da yaren PHP ko Python. A kamfanin manhaja na Salesforce ma haka aka raba sassan Aura, wato tsarinsu na gina shafi, JavaScript a gefen mai amfani, yarensu na Apex a gefen saba. Matasan da nake koya wa aikin nan a Samaru, a nan suka fi rikicewa.

Kafin ka rubuta komai, ka tambayi kanka: idan mai wayar ya yi ƙarya, wa zai yi asara? Muddin akwai mai asara, aikin na saba ne.

Mu ɗauki manhajar biyan kuɗin wata makaranta a Tudun Wada. Uba ya zaɓi aji, ya sa yawan yaransa, makaranta kuma tana yin ragi ga yaro na uku. Ba laifi waya ta yi lissafin nan take ta nuna masa jimilla. Amma kada saba ta karɓi wannan jimillar a matsayin gaskiya. Duk abin da ya sauka cikin burauza ya fita daga hannunka. Yaron da ya san danna F12 a Chrome zai ga kod ɗinka gaba ɗaya, ya mayar da naira 15,000 ta koma 150, ya tura. Don haka waya ta aika lambar ɗalibi da zangon karatu kawai, saba ta buɗe rumbun bayanai ta sake lissafin da kanta.

Idan da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, kake karɓar kuɗi, makullai biyu za su ba ka. Na fili shi ke shiga burauza, na sirri kuwa ba ya barin saba ko da wasa. Bayan waya ta ce an biya, kwantirolan saba ne zai tuntuɓi Paystack da lambar cinikin, ya tabbatar kuɗin sun shiga, kuma adadin ya yi daidai. Ka lura, da kwabo suke ƙirga, naira 15,000 za ka gan ta 1,500,000. Sai bayan wannan za a fitar da rasit.

Haka batun izini. Ɓoye maɓallin gyara sakamako daga idon malamin aji ba tsaro ba ne, kamar sakin labule ne a ƙofar da ba a kulle ba. Saba ce za ta duba wane ne ya aiko da buƙatar, kuma ko yana da hurumin yin ta. Wannan yana damuna ƙwarai, domin makin yara da kuɗin iyayensu amana ce.

To, kada kuma tsoro ya sa ka kwashe komai ka kai saba. Mu da ke Zariya mun san yadda sabis yake yi da yamma, ga tsadar data. Buɗe jerin zaɓi, sauya shafi, tace sunayen yara 40 da sun riga sun sauka, duk waya ta yi abinta. Duba ko lambar waya ta cika 11 ma a burauza ake fara yi, don mutum ya gyara kafin ya tura, sannan saba ta maimaita dubawar.

Inda ake ɗan tsayawa a yi tunani shi ne jeri mai yawa. Ɗalibai dubu biyu ba a jibga wa ƙaramar Itel su gaba ɗaya. Saba ta yi binciken, ta riƙa turo ashirin-ashirin. Akwatin bincike kuma kada ya kira saba a kan kowane harafi, ya jira kamar sulusin daƙiƙa bayan mutum ya daina rubutu.

Sassa suna da wata matsala tasu: idan shida ne a shafi, kowanne ya kira saba don kansa, an yi tafiya shida. Aura tana jera buƙatun ta tura su tare. A React kai za ka tsara, babban sashe ya ɗauko bayanai sau ɗaya ya rarraba wa ƙananan da ke ƙarƙashinsa.

Maɓallin biya kuwa gefe biyu ke gadinsa. Sabis ya tsaya, uba ya ƙosa ya danna sau uku. Waya ta kashe maɓallin tun dannawar farko, saba kuma ta ƙi karɓar lambar ciniki ɗaya sau biyu.

Kafin ka miƙa aiki, ka shiga kayan gwaji na Chrome ka rage gudun intanet zuwa na 3G, ka bi kowane sashe ka ga inda yake jira. Sannan ka aika wa sabarka farashin ƙarya da hannunka, ka ga ko za ta karɓa.