Darasi Na Tara: Idan Cuta Ta Daina Jin Magani

Duk manomin wake ya san abin da ke biyo baya idan aka tsinka maganin feshi da ruwa fiye da kima don a yi tattali. Ƙwari masu rauni su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, baɗi kuwa ko an fesa musu maganin nan sai ka ce ruwa aka yayyafa musu. Haka ƙwayar cutar HIV, mai karya garkuwar jiki, take yi da maganinta.

Maganin da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati ba ya fitar da cutar daga jiki, danne ta yake yi ya hana ta hayayyafa. Idan aka sha yau aka tsallake gobe da jibi, ƙarfinsa yakan ragu a jini, cutar ta samu sarari, kuma da yake takan haifi 'ya'yan da suka ɗan bambanta da ita, waɗanda maganin bai iya da su ba su ne za su cika jinin. Mai ɗauke da irin wannan yana iya shafa wa iyalinsa ita, uwa ma ta shafa wa jaririnta, su fara magani ya ƙi yi musu aiki.

Yawancin manya a yau TLD suke sha, wato magunguna uku a ƙwaya guda, sau ɗaya a rana. Ɗaya daga cikinsu, dolutegravir, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a 2019, domin cutar ba ta saurin bijire masa kamar efavirenz da nevirapine na da. Sai dai ƙarfinsa ba lasisin sakaci ba ne.

A ƙauyukanmu ba kasafai gangan ke sa a tsallake magani ba. Magidanci ya tafi cirani Legas da kwalba ɗaya, ta ƙare masa, ya ji nauyin shiga asibitin da ba a san shi ba. Mace ta ɓoye nata a ƙasan kwalla don kada kishiya ta gani, ranar da ɗaki ya cika da 'yan suna ta kasa ɗaukowa. Wani ya raba nasa da matarsa don gudun kuɗin mota, su biyun su kasa samun abin da ya ishe su. Mai shirin tafiya ya gaya wa ma'aikacin lafiya tun da wuri, domin ana ba da na wata uku ko shida tare da takardar komawa wani asibiti. Mai azumi ya nemi shawarar mayar da shan nasa bayan buɗa baki. Wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka kuma lallai ya faɗa, don akwai wanda ke rage ƙarfin dolutegravir, sai an ƙara masa yawan dolutegravir ɗin.

Jin ƙarfi a jiki ba shaida ba ce; awon jini ne ke nuna gaskiya. Ana yin sa bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, sannan duk shekara. Idan ƙwayoyin cutar suka haura 1,000 a mililita ɗaya, za a shafe wata uku ana taimaka wa mutum ya daidaita shan maganinsa, a sake awo, in ba su sauka ba likita ya duba yiwuwar mayar da shi kan wasu magungunan da ake kira layi na biyu, waɗanda ƙwayoyin da ake haɗiya a cikinsu sun fi yawa.

Aikin aji: malami zai zana katin asibiti a allo, kowane ɗalibi ya karanta ranar komawa da ke jiki, ya ƙirga kwanakin da suka rage, ya rubuta adadin a littafinsa.