Kwalekwalen mai jiki: yadda za ka zaɓi wanda ba zai kife da kai ba

Mutum mai kilo 120 da ya je sayen kwalekwale, yawanci tsawo yake fara dubawa. To, tsawo gudu yake ƙarawa. Abin da ke hana jirgi tangaɗi shi ne faɗin cikinsa, da kuma inda nauyinka ya zauna. Idan kuɗinka kaɗan ne, a kan faɗi za ka kashe su.

Fara da lissafin kaya. Nauyinka, da taru ko birgi a jiƙe, da fatsa, da bokiti, da kifin da kake sa ran kamawa. Ga mai kilo 120, jimillar takan kai 180. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana nutsewa ne har sai ya ture ruwa daidai nauyinsa da na abin da ke kansa. Ɗauki jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, tsawo mita 4.5, faɗi santimita 90. Idan aka cire tsukewar gaba da baya, filin da ke taɓa ruwa kusan murabba'in mita 3 ne, wato kowane kilo 30 zai nutsar da shi santimita ɗaya. Kayanka gaba ɗaya santimita 6 kenan. Sassaƙaƙƙen kwalekwale mai tsawo mita 4 da faɗi santimita 50 kuwa, kilo 14 kacal ke nutsar da shi santimita ɗaya, don haka kaya iri ɗaya za su nutsar da shi kusan santimita 13. Bayan ka shiga da komai, tsakanin bakin jirgi da ruwa kada ya gaza taƙi guda, kamar santimita 20.

Faɗi yana da wani sirri da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Tsayuwar jirgi ba ta ƙaruwa daidai da faɗinsa, ninkuwa take yi. Daga santimita 60 zuwa 90, ƙarfin da jirgi ke da shi na komawa daidai idan ya karkata ya haura ninki uku. Kuma ƙasan za ka auna, wajen da ke kan ruwa. Akwai jiragen da bakinsu ya buɗe kamar kwano amma gindinsu siriri ne, a tudu su burge ka, a ruwa su yi ta rawa da kai.

Shimfiɗaɗɗen ƙasa shi ya dace da ruwa mai kwanciya irin na madatsar Kangimi, ko kogin Kaduna da rani lokacin da duwatsu suka fito. Aibinsa shi ne idan iska ta tayar da igiyar ruwa yana dukan ruwa, kuma idan ya wuce iyakarsa kifewa yake yi farat ɗaya, babu gargaɗi. A watan Agusta da Satumba, da kogin ya cika ya yi ja yana jan itatuwa, ƙaramin jirgi kowane iri ne zamansa a gaɓa ya fi.

Kujera ita ce kuskuren da aka fi yi. Masu jiki suna son zama a sama saboda gwiwa, sai su gitta katako a bakin jirgi. Wannan yana ɗaga nauyin gaba ɗaya sama. Ka sa kafinta ya sauke mazaunin zuwa santimita 15 ko 20 daga ƙasa, a tsakiyar jirgi ko ɗan baya kaɗan. Idan ka zauna can ƙarshen baya kai kaɗai, hancin jirgin zai ɗaga, iska ta yi ta juya ka. Jarka ɗaya cike da ruwa a gaba tana gyara wannan.

Na hannu ya fi araha, amma kada ka saya a tudu. Tafi da ƙusa ko wuƙa, ka danna mahaɗar katako da ƙasan haƙarƙari. Inda ya lotsa, ya ruɓe. Jan layi da ke gangarowa daga kan ƙusa tsatsa ce, ƙusar ta kusa gamawa. Sabuwar kwalta mai kauri a wuri ɗaya kuma, tambayi abin da aka rufe. Maɗaci yana daɗewa a ruwa amma yana da nauyi da tsada. Rimi ba shi da nauyi, sai dai ba ya jimawa. Daga nan a sa jirgin a ruwan da bai wuce ƙugu ba, ka shiga da kayanka, ka zauna rabin sa'a. Miƙa hannu gefe kamar za ka ɗago tarwaɗa. Idan baki ya kusa shan ruwa, bar wa mai shi abinsa. Jirgin roba ko na faiba da aka rubuta iyakar nauyinsa, kada kayanka su wuce kashi 70 cikin 100 na abin da aka rubuta.

Idan siririn kwalekwale ne kawai aljihunka ya kai, yi masa fukafukai. Gitta gora biyu masu ƙarfi a kan jirgin, ka ɗaure jarka mai lita 25 a kowane gefe, babu komai a ciki, murfi a rufe gam, nisan mita ɗaya daga tsakiya. Jarka ɗaya a wannan nisan tana tare karkatar mai kilo 120 da ya jingina gefe da santimita 20. Ɗaure su suna ɗan shafar ruwa kawai, in sun nutse za su riƙe maka gudu, filafili ya yi ta karo da gora.

Ruwan da ya taru a cikin jirgi yana bin duk gefen da ka karkata, ya ƙara maka nauyi a can. Yanke bakin galan ka ɗaure shi da igiya, ka riƙa kwarfewa tun yana kaɗan. Igiyar dutsen da kake tsayar da jirgi da shi a hanci za ka ɗaure ta, in ka ɗaure a gefe ruwa mai gudu zai danne bakin.

Rigar ceto ka gwada ta a jikinka kafin ka biya, don yawancin na kasuwa ba sa rufe ƙirjin mai jiki. Da hunturu kuma kada ka bar jirgin katako a rana, zai tsage. Kife shi a inuwa a kan itace biyu, kuma kwana biyu kafin fita ka zuba masa ruwa katakon ya kumbura.